Ruwan Gonar Inna

Matamaye, Laraba, 9 ga watan Afrilu

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗan da ya riga ya ɗaure kayansa. Allah ya sa ka buɗe takardar nan bayan ka sauka lafiya, ya tsare ka a hanyar arewa, kai da motar da mai tuƙa ta, ya sa ka tarar da mutanen kirki a inda za ka.

A irin wannan wata na zafi, yau shekaru sun haura goma, aka kira ni mai hassada a gaban mutanen unguwarmu saboda na faɗi gaskiya a kan ruwa. Tun daga ranar an sauya kawunan famfon masallaci har an gaji, butocin kuran, masu aiki da lantarki, sun mutu gida-gida, amma ba wanda ya tako zaurena ya kira ni da sunana na malamin makaranta ya ce, “Mushe, ashe kai ne da gaskiya.” Ko mutum ɗaya. Na daina jira, amma ciwon bai daina ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ya daina ba.

Ba ƙara nake kawo maka ba. Ka samu aikin kafa injinan ruwa masu aiki da hasken rana, za ka shiga garuruwan da kai ne za ka fi kowa sanin abin da ke cikin rijiyarsu. Ni ma na taɓa zama wannan mutumin. Kuma rannan, a wajen suna a gidan Tela Mutari, na ji ka kana gyara masa maganarsa a kan batir, surukansa suna zaune. Gaskiyarka ce. Amma muryar da na ji tawa ce, sai gabana ya faɗi. Ido da ido ba zan iya yi maka wannan magana ba. In na fara sai ta koma darasi, kai kuwa ka ƙoshi da darasina tun kana ƙarami. Shi ya sa na rubuta, na ba mahaifiyarka ta sa maka a jaka.

Ka girma ka ga ni da kawunka Alhaji Issufu, Allah ya jiƙansa, ba ma shiga harkar juna. Kana makarantar kwana a Damagaram lokacin da abin ya fara, kuma ba wanda ya zaunar da kai ya gaya maka mafarinsa. To ga shi.

Danga ɗaya ce ta raba gidan iyayena da nasu. A kwano ɗaya muke cin tuwo, ko a gidanmu ko a gidansu, duk inda aka fara kwashewa. Shekarar da dogarai suka zo ɗibar yara don lakwal, makarantar boko, mahaifiyarsa, kakarka, wadda dukanmu muke ce wa Inna, ta jefa shi cikin rumbu ta rufe. Ni aka same ni a ƙofar gida ina shan rake, aka tafi da ni. Aka yi ta zuwa yi wa iyayena jaje. Daga nan yake kirana Ɗan lakwal, ni kuma ina kiransa Ɗan rumbu, har muka yi furfura.

Na yi karatu, kuma na iya. Damagaram, Yamai, na dawo da takardar koyar da kimiyya, ana nuna ni da baki. Shi kuwa ya tafi cin rani Kano, ya fara da ga-ruwa, ya koma tallar rake, ya ƙare da motocin da ke kwasar raken Tsauni da Yauri zuwa kudu. Ni na ƙare da ƙurar alli a ƙirji da fanshon da ba ya ganin ƙarshen wata. An ce mana ƙasa tana jiran masu ilimi. Ban san wa take jira ba, amma ba mu ba ne. Duk da haka ban taɓa jin haushin arzikinsa ba, ko kuma dai haka nake gaya wa kaina. Shi ya ba ni ƙanwarsa, mahaifiyarka, lokacin da akwai masu kuɗi a kan layi.

Da aka yanka filaye a bayan gari ta hanyar Kance, muka gina kusa da juna. Unguwa ta yi kyau, an ja kuran, amma ba ruwa, sai abin da ƴan garuwa suka turo daga tsohuwar rijiyar bakin fadama. Da Inna ta rasu, kawunka ya ɗauki alkawarin zai haƙa foraj, rijiyar burtsatse, ya ɗora shato, babban tankin ruwa, ya ja bututu har cikin gidaje, sadaka, Allah ya kai mata ladan. Ya zaɓi wurin da ƴar gonarta take, inda take shuka kuɓewa da yakuwa kafin gari ya cinye wurin.

Da masu haƙa suka fara fitar da ruwan gwaji, na ɗebo a bido, wato jarka. Na tafasa shi a gwangwani har ya ƙafe, na ga farin gari kwance a gindin. Na sa sabulu, ya ƙi kumfa, sai wani dusa-dusa a sama. Na gane. A ƙarƙashin wurin akwai farar ƙasa, ruwan ya narkar da ita ya taho da ita. Ba ya cutar da mai sha. Amma duk inda aka dafa shi, ko aka bar shi ya bushe, sai ya ajiye ta, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta zama dutse.

Da sauran lokaci kafin ranar buɗewa, kuma ana hango ƙofarsa daga tawa. Ban je ba. Ka san dalili? Don bai tambaye ni ba. Ya kira masu haƙa daga Kano, ya shawarci liman, ya shawarci mai unguwa, amma ni da na ƙare rayuwata ina koya wa ƴaƴan mutane abin da ke cikin ruwa, bai ce mini komai ba. Na riƙe abin da na sani kamar mai ɓoyon wuƙa a hannun riga.

Ranar buɗewa an shimfiɗa tabarmi a gindin shato, an yanka sa, mata suna guɗa daga bayan katanga. Aka murɗa famfo. Kawunka ya tari ruwan farko a sabon kwanon sha. Bai ba liman ba, bai ba mai unguwa ba. Ya waiga yana nemana.

“Ina Ɗan lakwal? Matso nan. Kai ka karanta ruwa a takarda, yau ga shi a kwano. Sha ka gaya musu.”

Aka yi dariya. Na karɓa, na kurɓa, na juya shi a baki kamar mai ɗanɗanar miya. Na ce, “Ruwan nan yana da kalker.”

“Yana da me?”

Na shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, kamar ina gaban allo. Ya bar ni na ɗan yi nisa, sannan ya dafa kafaɗata yana dariya. “To, mun ji na Nasara. A Hausa fa, me ka ce?”

Ka ga, hanya ya ba ni. Da na ce, “Allah ya kai haske kabarin Inna,” da an shafa fatiha, in same shi da yamma mu yi maganarmu. Sai na ce, “A Hausa, ruwan nan farar ƙasa ce a narke. Duk ƙarfen da ya ratsa sai ya toshe shi. Da an tambayi waɗanda suka sani, da ba a haƙa a nan ba.”

Guɗar mata ta tsaya. Ya sauke hannunsa daga kafaɗata. A hankali ya ce, “Habu, nan gonar Inna ce.”

Liman ya gyara rawaninsa ya ce, “Mushe, ruwan sadaka ne, ba na kasuwa ba. Ba a taya shi.” Daga baya kuma Sale mahauci ya ɗaga murya, “Ku ƙyale shi, hassada ce! Shekara nawa yana cin albashin gwamnati, ko masai bai haƙa wa unguwa ba!” Kafin la'asar yara sun raɗa mini Mushe Kalker. Ka sha ji ana faɗa, yanzu ka san inda aka samo shi.

Laminu, gaskiyar da za ta shiga zaure kada ka kai ta dandali. In ka ga aibi a aikin mutum, je ka same shi tun abin yana hannunsa, ku biyu, ko da bai kira ka ba. Rashin kiranka ba hujja ba ce. Ka faɗa masa da harshen da yake ji, don duk wanda ka yi wa Faransanci a gaban jama'a, abin da ya ji shi ne kana ce masa jahili. Kuma kafin ka buɗe baki, ka duba me mutum ya zuba a cikin abin nan nasa. Ni ruwa na auna. Ban auna cewa mutumin kabarin mahaifiyarsa yake shayarwa ba. A garuruwan da za ka, kusan kowace rijiya da sunan wani mamaci a kanta.

Amma kada ka ɗauka na wanke su. Mutanen da ba su iya rarrabe mai gargaɗi da mai hassada ba, su ma da nasu.

Ba a daɗe ba abin da na faɗa ya fara fitowa. Dutsen gugar Tela Mutari, irin mai fesa tururi, ya fara tofa wa shaddar mutane farin gari. Injin wankin da aka kawo wa wata amarya daga Kano ya tsaya tun lallenta bai gama gogewa ba. Kawunan famfon alwala suka koma ɗiga kamar idon mai mura. Wake ya ƙi nuna da wuri, shayi ya riƙa yin wata fata a sama. Aka ɗora wa kayan zamani laifi, aka ɗora wa kuran, aka ɗora wa masu gyara. Ruwa kam, ba mai ambatonsa.

Ni kuma sai na shiga wata sana'a ta banza. In na ga an jefar da mataccen kan famfo ko ƙarfen buta a juji, sai in ɗauko in jera a kan katangar zaurena. Ka tuna da su, ka taɓa tambayata ko sayarwa zan yi. Ba sayarwa ba, shaidu nake tarawa. Duk wanda ya shigo gaishe ni, sai na fasa ɗaya na nuna masa farin dutsen da ke ciki. Masu shigowa suka ragu. Na ce don ba sa son gaskiya ne.

Kuma duk wannan lokaci na san maganin. Tsami ne ke cinye farar ƙasa. Ruwan tsamiya mai kauri, ko lemun tsami, ko binegir na kanti. A jiƙa, a bar shi ya kwana, a ɗauraye. Abin da kowace mace a unguwar take da shi a madafa. Ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya Iya Hure, tsohuwar nan mai koko da ke bayan gidanmu, ta shigo da buta ƙunshe a zane.

“Mushe, duba mini ƴar butar nan. Ɗana ne ya aiko mini daga Legas, don ruwan alwala, saboda sanyin ƙashi. Yanzu sai ta yi ta kuka kamar mai naƙuda, ta ɗauke ba ta tafasa ba.”

Na buɗe murfin. Ƙarfen ciki ya yi fari fat, kamar an yaɓa masa siminti. Bai ƙone ba tukuna.

Na ce, “Iya, me ya yi mata haka?”

“Oho. Kayan yanzu ai ba su da alkawari.”

“Ba kayan ba ne. Wane ruwa kike zuba mata?”

Ta dube ni, ta dubi tarkacen da na jera a katanga. Ta gane abin da nake so. Ta ce, “Mushe, ruwan da nake sha kyauta? Da bakin da na sha shi zan kushe shi? Miƙo mini butata.”

Na miƙa mata. Tsamiya tana rataye a madafar gidana. Tsohuwar ta koma alwala da ruwan sanyi, ni kuma na zauna ina jin na yi nasara a muhawara.

Kada ka sa wa iliminka farashin da sai mutum ya sayar da mutuncinsa kafin ya biya. Talaka ba zai kushe hannun da ke ba shi ruwa ba, kuma ba wauta ce ta hana shi ba. In ka san magani, ba da maganin, ka bar zancen wa ya jawo ciwon. Da na bi gida-gida na ce, “Ruwan Inna mai ƙarfi ne, ku riƙa jiƙa butocinku da tsamiya,” da an karɓa hannu biyu, da har yau wasu kayan suna aiki. Magana ɗaya ce, amma ni ba gyara nake nema ba, so nake a ce na faɗa.

Tun da na ambaci gyara, riƙe waɗannan, za su yi maka amfani, don ruwan arewa ma an ce ba ya da sauƙi. Duk inda ka sauka, ka fara wanke hannu da sabulu ka ga ko zai yi kumfa, kafin ka ciro kayan awonka. Batir da dutsen guga da lagireton mota, kada ka ba su ruwan foraj. Ka tari ruwan sama, ba na farkon zuba ba, ka tace, ka ajiye musu a bido mai murfi. Buta kada ta kwana da ruwa a ciki. Kan famfo in ya fara ɗiga, kwance shi ka jiƙa, kada ka sa masa ƙarfi da filaya. Kuma ka koya wa matan gari wannan kafin ka koya wa mazan, su ne ke riƙe da butocin.

Kuskurena na uku ya fi muni, kuma a cikin gida na yi shi. Gidanmu ne na farko da kawunka ya sa aka ja wa bututu, tun kafin nasa. Bayan ranar buɗewa na sa aka toshe shi, na koma sayen ruwan garuwa. Mahaifiyarka ba mai yawan magana ba ce, ka sani. Ta tsaya tana kallon mai gyara yana ɗaure bakin famfon, ta ce, “Malam, bututun nan yayana ne ya ja shi, da sunan uwata.”

Na ce, “Gidana ne.”

Ta juya ta shiga ɗaki. Amma kullum sai ta ɗauki ƴar buta ta tsallaka maƙwabta ta ɗebo na alwala. Da na yi magana ta ce, “In ban yi alwala da shi ba, ta wace hanya nawa ladan zai kai mata?” Sai na yi fushi, abin da mai ilimi yakan yi ke nan in amsa ta ƙare masa.

Bayan wani lokaci aka yi suna a gidan kawunka, jikansa na fari. Mahaifiyarka ta roƙe ni in je, na je. Rana ta take, zaure ya cika. Yana hango ni ya tashi, ya ɗauko kwanon sha da hannunsa, ba aike ya yi ba, ya ratso mutane ya miƙo mini.

“Sha ruwa, Ɗan lakwal. Ka sha rana.”

Tun ranar shato bai kira ni da sunan nan ba sai ran nan. Na karɓi kwanon. Na ce, “Alhamdu lillahi, na sha a gida.” Na miƙa wa na kusa da ni.

Ya ɗan tsaya, hannunsa bai gama sauka ba. Sannan ya ce, “To. Allah ya ba mu alheri.” Ya koma wurinsa.

Na fi kowa a zauren nan sanin ruwan ba ya cutar da mai sha. Ni na auna shi. Maganar ranar buɗewa ana iya cewa suɓutar baki ce, wannan kuwa da niyya na yi. A ƙasarmu baƙon da ya ƙi ruwan gida ya ƙi gidan ne, ba sai an fassara wa kowa ba. Daga ranar muka koma gaisuwar masallaci, hannu ya taɓa hannu, ido yana wani wuri. Mahaifiyarka ta riƙa zuwa gidan yayanta ita kaɗai, ta dawo ba ta ba ni labari ba, ni ma ban tambaya ba.

Duk gidan da aka miƙo maka ruwa, sha, ko kurɓi ɗaya ne. In ka tabbata yana da cuta, kai kwanon bakinka, ka yi godiya, daga baya ka ja mai gidan gefe. Kuma in Allah ya ba ka mata, kada ka sa ta tsaya tsakaninka da jininta tana auna wa za ta ɓata wa. Ba za ta ce maka komai ba, amma za ka zauna da shirun nan har tsufa. Ni ina zaune da shi.

Saura na ƙarshe. Shekarar da ciwo ya kama kawunka, ɓarin jikinsa ya shanye, kana Yamai. Zafin shekarar ya yi tsanani. A ɗakinsa akwai injin sanyi irin mai shan ruwa, wanda ke jiƙa ciyawa fanka ta huro iska ta cikinta. Wata hantsi sai ga motarsa a ƙofata, direbansa Ila ya sauko da injin.

“Mushe, Alhaji ya ce a kawo maka. Ya ce a kai wa Ɗan lakwal, shi kaɗai ya san ciwonsa.”

Na ce, “Ya faɗi mene ne ciwon?”

“Bai faɗa ba.”

“To ajiye.”

Mutumin da zai iya aikawa Kano a ciko masa mota da irin injin nan, shi ne ya aiko mini da tsoho. Yaro ma ya san me wannan ke nufi. Na buɗe shi. Ciyawar ta zama kamar busasshen ƙashi, ƴar na'urar da ke tura ruwa ta daskare da farin dutse. Na jiƙa tsamiya mai yawa, na tsoma ta, na zauna ina kallon dutsen yana tafasa yana narkewa. Na sayo sabuwar ciyawa, na wanke kwamin ruwan, na shafa wa fanka mai. Ban taɓa yi wa wani abu aiki da natsuwa irin ta wannan injin ba. Washegari na haɗa, na kunna, iska mai sanyi ta cika zaure.

Sai na kashe, na lulluɓe shi da buhu, na zauna jira.

Mahaifiyarka ta leƙo ta ce, “Malam, na ji ya tashi. Ba za ka kai masa ba?”

Na ce, “Wanda ya aiko ya san hanya.”

“Mutumin ba ya iya tashi.”

“Bakinsa fa? Kalma ɗaya ce. Ya ce ruwan ne.”

Ta dube ni. Ta ce, “Bakin ma ya karkace, Malam.” Ta saki labule.

Na ce gobe. Gobe ta yi na ce bari rana ta yi sanyi. Na sa hula na kai bakin ƙofa, na hango motocin ƴan dubiya a ƙofarsa, na ce ba zan shiga cikin taro ina ɗauke da inji kamar ɗan dako ba, a ce Mushe Kalker ya zo tuba. Ila bai dawo ba. Ƴaƴansa suka sayo masa sabo, don haka kada ka ɗauka zafi ne ya kashe shi, ko rashin injina. Bai rasa iska ba. Abin da ya aiko nema daban ne.

Ɗana, mutanenmu ba su cika cewa “na yi kuskure” da baki ba, balle babban mutum, balle wanda kai ma ka ɓata masa. Wani goro zai aiko, wani zai tambayi lafiyar akuyarka, wani ya aiko maka da mataccen inji. In ya zo, ka gane shi, kada ka ce sai an faɗa da kalmomin da ka tsara. Mu da muka yi lakwal an koya mana amsa ɗaya ce daidai, sauran a ja musu jan biro. Na kai wannan ɗabi'a inda ba a kai ta. Kuma abin da ka yi niyyar kaiwa, kai shi a ranar, da ƙafarka.

Har gobe ina nan a kan bakana, ruwan yana da farar ƙasa, kuma da an gangara wajen fadama da an sami mai daɗi. Ba wanda zai sa in janye wannan. Sai dai ban ga abin da ya saya mini ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin harshenka. Allah ya sa ruwan da za ka fitar wa bayinsa ya zama mai albarka, ya ba ka abokan da za su gaya maka gaskiya a ɓoye, ya ba ka kunnen jin ta. Ka riƙe salla. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ko ba ka da labari. In ka dawo hutu, ka fara sauka gidan kawunka ka gaida iyalinsa kafin ka iso nan, kai ba ka yi musu komai ba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Kawunka bai ga ruwan farko na daminar shekarar ba. Da ya cika, ƴaƴansa suka kira liman da dattawa biyu suka shiga yi masa wanka. Ni ina ƙofar gida a kan tabarma, cikin baƙin da suka zo daga nesa. Ba a kira ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na san shi tun kafin in san hannun damana, ya tafi ba mu yi sallama ba.

Mahaifinka,
Habu